Daga ganin gida zuwa tarewa a Zariya: inda watanni suke tafiya

Matasa da yawa, musamman masu shirin aure, suna ɗauka ranar da aka biya kuɗin gida ita ce ranar kwasar kaya. Ƙannena, ba haka abin yake ba. Idan gidan na mutum ɗaya ne, babu kowa a ciki, takardu a kammale, kuɗi kuma a hannu, wata ɗaya zuwa biyu ya isa. Amma irin wannan gida bai cika samuwa ba. Ka ƙiyasta wata huɗu zuwa shida, wani ma sai shekara ta zagayo.

Neman gidan ba shi ne abin damuwa ba. Ka faɗa wa dillalai biyu ko uku unguwar da kake so da ƙarfin aljihunka, cikin 'yan makonni za su gajiyar da kai da yawo. Sai dai ka tsayar da maganar la'ada tun ranar farko: nawa ce, wa zai biya, kuma dillalai nawa ne a cikin cinikin, don sukan yi yawa ranar biya.

Inda lokaci yake tafiya shi ne gidan gado, kuma a cikin Birni da Tudun Wada irinsa za a fi kai ka. Babban wa zai ce maka, "Ni ne babba, na yi magana da kowa." Kada ka karɓi wannan. Ka nemi sunayen magada duka, maza da mata, har da matan mamacin. Sau da yawa wadda ba a tuntuɓa ba ƙanwa ce da ke aure a Kano ko Kaduna, ita ce kuma za ta bayyana bayan ka yi fenti, kuma da gaskiyarta. Idan akwai marayu ƙanana, dole a san wanda ke tsaye a kan haƙƙinsu. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne takardar rabon gado daga kotun shari'a, sannan kowane magaji ya sa hannu ko ya wakilta wani a rubuce. Tara waɗannan mutane kaɗai yakan ci wata biyu ko uku, kuma ba a gaggauta shi.

Sai takardu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, don haka sayar da gida mai C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, yana buƙatar amincewarsa. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da wannan aiki. Ka sa lauya ya bincika maka: sunan da ke kan takardar shi ne na mai sayarwa? An jinginar da gidan a banki? Gidaje da yawa kuwa ba su da komai sai takardar ciniki da shaidar mai unguwa ko hakimi. Wannan ba ya hana saye, amma ka je wurin mai unguwar da ƙafarka, ka tambayi maƙwabta ta kowane ɓangare game da iyaka. Ka kuma tabbatar ginin bai ci hanya ko magudanar ruwa ba, don KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ba ruwanta da cewa saye ka yi. Mayar da suna yakan ɗauki watanni, sai dai ba ya hana tarewa. A fara shi da wuri kawai.

Wajen biya, ka ba da kafin alƙalami ta banki, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ka riƙe ragowar kuɗin sai ranar da aka miƙa maka makulli da takardun asali, gidan kuma babu kowa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi muhimmanci a Samaru, Palladan da Hanwa, inda gidaje ke cike da 'yan haya saboda jami'a. Ɗan hayan shekara, in ba wata yarjejeniya aka rubuta ba, notis ɗin wata shida ake ba shi, in ya ƙi tashi kuma sai kotu. Mai sayarwa ne ya kamata ya sallame su. In ka biya duka suna ciki, rigimar ta zama taka.

Gyara ma yana da nasa lokacin. Gidan da ka gani da rani bai nuna maka komai ba. A watan Agusta ake gane kwanon da ke yoyo da layin da ruwa ke kwanciya, musamman kusa da Kubanni. Rijiya kuwa a Maris ko Afrilu ake leƙa ta. Ka dubi silin ko akwai tabon ruwa, ka sa kafinta ya hau ya duba katako saboda gara, a buɗe sokawe a gani. Ka karɓi lambar mita ka bincika bashin wuta. Sabon shafe yana son makonni ya bushe kafin fenti, in ba haka ba ya kumbura ya zube, da damina ma ya fi jinkiri. Ka ware wata guda don wannan.

Kada ka sanar da mai gidan da kake haya za ka tashi, kada kuma ka bari a sa ranar tarewar amarya, sai makulli ya shigo hannunka. In kuɗin hayarka ya kusa ƙarewa ana tsakiyar ciniki, ka roƙi a karɓi na wata uku, a rubuta.