Dami ko zangarniya

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne, bai taɓa taɓa linzamin kwamfuta ba, amma shi ya yi mini tambayar da ta gyara mini lissafin shago. Shi ya ranta mini jarin da na buɗe shagon buga takardu a Ƙaura Namoda, ba nisa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, don haka yakan leƙo lokaci-lokaci ya ga inda kuɗinsa suka kwana. Wata ranar farkon 2021 ya zo, na zaunar da shi a kujerar kwastoma, na juyo masa da allon kwamfuta yana cike da tamburan manhajoji, jere-jere kamar kayan kanti. Na ce, "Kawu, duk waɗannan da lasisinsu, kuma a dami ɗaya na same su, da ɗai-ɗai zan saya da kuɗin ya ninka." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ɗana, cikin wanga tari, guda nawa ke kawo maka kuɗɗi?"

Na fara ƙirgawa da yatsu, ban wuce uku ba.

Yadda na kai ga wannan dami ma labari ne. Kamar yawancin masu irin sana'armu, da faifan kwafi na fara, irin wanda mai gyara ke zuwa da shi ya zuba maka komai cikin awa biyu, ba ka san daga ina ya fito ba. Na yi shekaru a haka, sai ranar da wata ƙwayar cuta ta shiga rumbun kwamfutar ta kulle fayilolin da ke ciki, har da furojet ɗin wata ɗaliba da saura kwana huɗu ta miƙa. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Malam, yanzu ya zan yi?" Muka sake buga shi daga rubutun hannunta, dare biyu a kan janareta. Ban da wannan, akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai: ina neman halal da kayan da mai su bai yarda in yi amfani da su kyauta ba. Sai na yanke shawarar komawa ga na lasisi. Shawarar ta yi kyau, kuma har yau ina kanta. Inda na kuskure shi ne wajen sayen, domin na raba kuɗin dami da yawan manhajojin da ke ciki, na ga kowace ta faɗo da araha, na ɗauka na ci riba. Ban tuna cewa wadda ba na buɗewa ba ta da araha ko da kwabo aka ba ni ita.

Bayan tafiyar Kawu na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in na ajiye kusa da firinta. Duk aikin da ya shigo, ni ko yaron shagona mu ja layi a ƙarƙashin sunan manhajar da aka yi shi da ita. Wata guda muka yi. Shafin buga rubutu ya cika har muka juya baya. Shafin zane, wato katin ɗaurin aure da na suna da takardar shaidar saukar karatu ta Islamiyya, ya biyo shi. Gyaran hoton fasfo ya zo na uku. Jadawalin lissafi ya samu 'yan layuka, yawanci na malaman makaranta masu haɗa sakamakon jarrabawa. Manhajar haɗa bidiyo, da ta gyaran sauti, da ta gina shafin intanet, da wasu da ban ma san aikinsu ba, ba wadda ta samu ko layi ɗaya, alhali sun cinye wuri a rumbu, kuma duk lokacin da suka ce za su sabunta kansu datar shago suke sha.

Daga nan na fara bin yadda kamfanoni ke yanka farashi, sai na ga ba doka ɗaya suke bi ba. Lokacin da Apple ya buɗe kantinsa na sauke manhajojin kwamfuta ranar 6 ga Janairu, 2011, ya warware daminsa na ofis ya sayar da Pages da Numbers da Keynote ɗai-ɗai, kowace dala 19.99, alhali kwalin da ya haɗa ukun dala 79 ne. A wancan lokacin ko duka ukun kake so, ɗai-ɗai ya fi sauƙi. Microsoft kuwa akasin haka ya yi: kuɗin Word ita kaɗai ya yi kusa da na ƙaramin damin Office mai Word da Excel da PowerPoint, don haka ba mai hankalin da zai ɗauki ɗaya ya bar uku. Sai dai a nan akwai abin da ya kamata masu shago su sani, domin da yawa ba sa karantawa: wancan ƙaramin dami mai sauƙi, lasisinsa na gida ne da ɗalibai, ba na kasuwanci ba. Mai karɓar kuɗin aiki sai ya hau na sama da shi. Adobe kuma, mai manhajojin zane da gyaran hoto, tun 2013 ya daina fitar da sabon dami na saye-ka-mallaka, CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe, ya koma haya. Za ka iya hayar Photoshop ita kaɗai, amma da ka ɗauki uku ɗai-ɗai ka kai kuɗin damin gaba ɗaya. An yanka farashin ne yadda hannunka zai miƙa ga dami da kansa, kuma wannan ba laifi ba ne, ko a kasuwar hatsi mai buhu ya fi son ka ɗauki buhu. Kai ne za ka san ko gidanka na cin buhu kafin ƙwari su riga ku.

Duk da abin da littafin ya nuna mini, ban saki damin nan da nan ba. Na ce bari shekara ta ƙare. Sai watan Satumba na 2021 ya zo.

Duk ɗan Zamfara ya san wannan wata. A farkonsa aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Babu kira, babu intanet, masu cirar kuɗi na bakin titi sun nannaɗe lemarsu. Aiki ya ragu amma bai tsaya ba, domin aure bai tsaya ba, haihuwa ba ta tsaya ba, kuma da waya ta mutu sai katin gayyata ya dawo da darajarsa ta da. Makonnin farko komai na tafiya. Wata safiya na buɗe manhajar zane da nake biyan hayarta wata-wata, sai ga wani ɗan akwati a tsakiyar allo yana cewa a haɗa kwamfutar da intanet don a tabbatar da biyan kuɗi. Na rufe na sake buɗewa, ya dawo. A gabana akwai wani dattijo da ya zo karɓar katin auren 'yarsa guda 200, zanen yana cikin kwamfutar, ina ganin sunan fayil ɗin, amma ba damar taɓa shi. Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa jibi." Ya ce, "Ba komi yaro, Allah shi kai mu," ya tafi, kuma haƙurin nasa ya fi faɗa zafi a raina.

Wannan sharaɗi yana nan a rubuce cikin yarjejeniyar da na danna na amince ban karanta ba. Manhajar haya takan nemi ta gaisa da kamfaninta lokaci-lokaci, da yawansu kusan duk bayan kwana 30. Wanda ya tsara hakan bai yi tunanin garin da za a kashe wa sabis wata da watanni ba, ni da ke zaune a garin ne ya kamata in yi. A lokacin an riga an dawo da sabis a Gusau tun farkon Oktoba, mu kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Na kwance akwatin kwamfutar, wanda muke ce wa sifiyu, na naɗe shi da bargo, na shiga motar haya na ɗora shi a cinya. A kowane shinge sai an tambaye ni mene ne a ciki, in buɗe bargon in yi bayani. A Gusau na ari allo a shagon wani abokin sana'a, na jona da intanet ɗin wayata, cikin minti biyar akwatin ya ɓace. Tafiyar yini guda, a hanyar da ba a binta sai da addu'a, saboda minti biyar.

Abin da na lura da shi bayan na dawo ya fi tafiyar tsaya mini a rai. Kwamfuta ta biyu, tsohuwar, wadda ke ɗauke da manhajar rubutu da na saya sau ɗaya na biya gaba ɗaya, ba ta taɓa tambayar intanet ba duk tsawon watannin. Ita ta riƙe shagon. Sai na gane ashe tambayoyi biyu ne nake cakuɗawa wuri guda. Dami ko ɗai-ɗai tambaya ce daban, saye ko haya ma daban, kuma a wurinmu ta biyun ta fi nauyi.

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara tabbatar mini. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka tsayar gaba ɗaya, sai biyan haya ya koma neman wanda ke da katin dala. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya saya sau ɗaya ya riga ya wuce wurin. Mai haya kuwa kuɗinsa ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara masa ko maɓalli ɗaya ba, kuma ba ya iya ninka wa ɗalibi kuɗin shafi sau uku.

Kada a ɗauka na juya wa dami baya kacokan. Na gwada hakan, ban ji daɗi ba. Na ɗora LibreOffice, manhajar ofis irin ta Microsoft, wadda kyauta ce kuma halal ce a yi kasuwanci da ita, tana kuma aiki sosai idan kai ka fara rubutun a cikinta. Matsalar ita ce ɗalibi yana zuwa da filash ɗauke da fayil ɗin Word, babi biyar, da jadawali da lambobin shafi, kuma malamin da zai duba da Word zai buɗe. Wani lokaci sai jadawali ya zame ya faɗa shafi na gaba, jerin abubuwan da ke ciki ya daina dacewa da lambobin shafi, a dawo maka da aiki. A wannan fanni damin ofis ya cancanci kuɗinsa, saboda ina buɗe uku daga cikinsa kusan kullum, kuma su ne yaren da kwastomomina ke magana da shi. Haka ma damin zane na CorelDRAW, na wani kamfanin Kanada, wanda ke zuwa da manhajar gyaran hoto a cikin daminsa: masu manyan injinan buga fosta a Gusau da Kano da Kaduna fayilinsa suka saba karɓa, kuma abin da ke ciki ya ishe ni hoton fasfo. Dami ma ba ya dawwama yadda ka same shi. Microsoft ya sanar da cewa Publisher, manhajar tsara katuna da ke cikin damin Office, za ta daina samun kulawa a Oktoban 2026, don haka masu takardun shaida da katuna a cikinta gara su fara kwashe su tun da wuri.

Sayen ɗai-ɗai daga kantin manhajoji na intanet shi ma yana da nasa tarkon, kuma na faɗa ciki sau ɗaya. Na sayi wata ƙaramar manhajar haɗa takardu da rage musu nauyi, irin wadda ake buƙata lokacin cike fom ɗin neman aiki. Wani mai gyara ne ya sauke mini, da nasa adireshin imel ya shiga kantin, ban kula ba. Da rumbun ya lalace aka sa sabo, manhajar tana can a asusunsa, shi kuma ya bar gari. Abin da ka saya a kanti yana bin asusun da aka saya da shi ne, kuma wannan shi ne amfaninsa idan asusun naka ne, domin ko kwamfuta ta ƙone sai ka sake saukewa ba ka biya ba. Yanzu shago yana da imel nasa, kalmar sirrin tana rubuce a takarda a gida, rasit da lambar lasisi suna cikin ambulan ɗaya da ita.

Akwai kuma gwajin da nake yi wa kowace manhaja kafin in biya, idan tana ba da kwanakin gwaji. Ina rubuta "Ƙaura, ɗaurin aure, ɓangare" in ga ko haruffa masu lanƙwasa za su fito, ko kuwa za su koma akwatuna. Sannan in liƙa Bisimilla da Larabci in ga ko haruffan za su haɗu daga dama zuwa hagu, ko za su warwatse. Sau da yawa laifin salon haruffan ne, a canza shi a wuce, amma akwai manhajojin da Larabci ba ya zama a cikinsu ko me ka yi, kuma katin da ba Bisimilla a kansa ba mai karɓa a nan. Sai na cire wayar intanet in bar ta kwana biyu in ga halinta.

Yaron shagona ya yi 'yanci bara, ya buɗe nasa a Talata Mafara. Kafin ya sayi komai ya kira ni ya ce, "Maigida, wane zan fara ɗorawa?" Na ce ya ɗora na kyauta tukuna, ya sayi littafi mai shafi arba'in, ya kira ni bayan wata guda. Da ya kira, lissafinsa bai yi kama da nawa ba. Shagonsa na kusa da masu ɗaukar hoton biki, shafin bidiyo ne ya fara cika masa, wanda ni ban taɓa ja wa layi ko ɗaya ba.