Tattaki kaɗai bai rage mini ƙiba ba

Har yau raina yana ɓaci idan na ji ana ce wa mai ƙiba, "Kai dai ka riƙa motsa jiki, za ta zube." Shawarar da aka ba ni ke nan, na kuma riƙe ta hannu bibbiyu. Na yi watanni ina tattakin kilomita 5 da sassafe, in dawo riga sharkaf da gumi. Ƙafafuna sun yi ƙarfi, hakin hawa bene ya ragu, barci ya gyaru, amma sikeli yana nan daram inda na same shi. Tumbin da na fito dominsa ko gezau.

Lissafin da ya kamata a faɗa mini tun farko bai fi layi uku ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa, jiki kuma yake ƙonawa). Mutum mai nauyin kilo 90 da ya yi tattakin kilomita 5, abin da ya ƙona bai wuce kalori 300 zuwa 350 ba. Ke nan ko da bai ƙara loma ɗaya a kan abincinsa ba, sai ya yi sama da mako uku yana wannan tafiya kullum kafin kilo ɗaya ya tafi. To, wa ke dawowa daga tafiyar awa guda bai ƙara loma ba? Kwalbar lemun zaƙi mai mililita 500 tana da sukari gram 50 da 'yan kai, wato kalori kusan 210. Babban cokali ɗaya na man girki kalori 120 ne. Haɗa biyun nan, ka ga tafiyar safiyar ta tashi a banza. Ni kuwa abin da nake yi ke nan: in dawo a gajiye, in ji cewa na cancanci lada, in ƙara a faranti, in kora da abu mai sanyi. Ɗiban ruwa da kwando nake yi ban sani ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da a ce an tambaye ni a lokacin, da na rantse ba na cin abinci da yawa. Kuma ba ƙarya nake nufi ba. A 1992 an wallafa wani bincike a Amurka kan mutanen da suke kukan cewa suna cin kaɗan amma ƙiba ta ƙi sauka. Da aka auna su da kyau, sai aka tarar sun rage kusan kashi 47 cikin 100 na abin da suke ci a wajen faɗa, sun kuma ƙara kusan kashi 51 cikin 100 a kan motsa jikin da suke yi. Ido ba ya ganin mai. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ɗanɗanon da aka yi a bakin tukunya, ko ragowar farantin yaro, ko gyaɗar da ake ta jefawa a baki ana hira, wadda gram 100 nata ya kusa kalori 570. Agogon hannu mai ƙirga kalori ma ya ƙara ruɗa ni. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai a 2017: sun iya ƙirga bugun zuciya, amma wajen kalori wanda ya fi kowanne ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin 100, mafi muni kuma da kashi 93. Duk lambar da agogo ya nuna maka, kada ka mai da ita abinci.

Akwai kuma wani wayo na jiki. Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna kuzarin da mutanen Hadza na Tanzaniya suke ƙonawa a rana, mutanen da farauta da tsintar abinci a daji ne rayuwarsu, suna yini a kan ƙafa. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna cewa, idan aka yi la'akari da girman jiki, bai bambanta sosai da na mazauna biranen Turai da Amurka ba. Jiki yana ramawa. Ka wahalar da shi da safe, sai ya rage motsi da rana: ka fi zama, ka fi jingina, abin da da za ka tashi ka ɗauko sai ka aiki yaro. Na ga wannan a kaina ƙarara.

Ranar da abin ya fara juyawa ita ce ranar da na sayi ƙaramin sikelin kicin. Ban canja komai ba a makon farko, na dai auna na rubuta. Ina ba kowa shawarar ya fara da haka, don wanda bai san inda kalorinsa suke shigowa ba zai je ya yanke abin da ba shi ne matsalar ba. Na ɗora kwalbar mai a kan sikeli kafin girki, na sake ɗorawa bayan an gama. Bambancin ya sa na yi shiru. Abin da hannu yake tsiyayawa yana cewa "ɗan kaɗan" sau da yawa cokali huɗu ne ko biyar. Gram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci da na furotin (sinadarin gina jiki) kuwa 4 ne kacal, shi ya sa mai yake shiga da yawa ba tare da ya cika ciki ba. Ƙwai guda dafaffe kalori 70 da ɗoriya ne, amma ka soya shi a cokalin mai, ya ninka har ya wuce.

Wajen awo akwai tarko ɗaya. Ɗanyar shinkafa gram 100 tana da kalori kusan 360, dafaffiya kuwa kusan 130, saboda ruwan da ta sha. Idan ka auna ɗanya ka rubuta lambar dafaffiya, ka yaudari kanka ninki uku. Ka tsaya a kan hanya ɗaya.

Bayan makon awo, giɓin da na nema tsakanin abin da nake ci da abin da jiki yake ƙonawa shi ne kalori kusan 500 a rana, wanda ke ba da kusan rabin kilo a mako. Ban same shi ta hanyar yunwa ba. Abin sha na fara taɓawa, don zaƙin da aka sha ba ya ƙosarwa, ciki ba ya lissafa shi. Lemun kwalba ya fita gaba ɗaya, ruwan 'ya'yan itace na kwali ma haka, domin sukarinsa bai yi nisa da na lemun ba. Sukarin shayi na rage shi rabin cokali bayan rabin cokali har harshe ya saba. Ƙaramin cokali ɗaya gram 4 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, in ma son samu ne ya tsaya a kashi 5, wato kusan gram 25, ƙananan cokula 6. Kwalbar lemu ɗaya ta riga ta ninka wannan. Daga nan sai mai: aka daina tsiyayawa daga kwalba, aka koma aunawa da cokali, suya ta ragu, dafawa da gashi suka ƙaru. Waɗannan biyun kaɗai sun ba ni fiye da rabin giɓin da nake nema, kuma su ne abubuwan da nake ta haɗiya duk tsawon watannin da nake tattaki ina mamaki.

Faranti kuwa na raba shi: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu furotin, sauran kashi ɗayan sitaci, kamar girman dunƙulen hannuna. Ban daina cin shinkafa ko burodi ba, kuma ban yarda da masu cewa dole sai an daina ba. Duk tsarin da ba za ka iya bi shekara guda ba, kada ka fara shi. Furotin ne abin da na raina da farko. Shi ne ke riƙe ciki, shi ne kuma ke kare tsoka lokacin da jiki yake ramewa. Gram 1.2 zuwa 1.6 a kan kowane kilo na nauyin da kake son kaiwa ya wadatar. Ƙwai ɗaya gram 6 ne, dafaffen ƙirjin kaza gram 100 yana ba da kusan 30, dafaffen wake gram 100 kusan 8. A raba shi tsakanin abincin safe da na rana da na dare. Ranar da karin kumallona ya zama burodi da shayi kawai, kafin rana ta take hannuna ya fara neman abin taunawa. Ranar da ƙwai biyu suka shiga, ina kaiwa abincin rana lafiya lau.

Makon farko da aka rage abinci sikeli yakan faɗi da kilo ɗaya ko biyu, mutum ya yi ta murna. Yawancinsa ruwa ne. Hanta da tsoka suna ajiye sitaci kusan rabin kilo, kowane gram nasa kuma yana riƙe da ruwa kusan gram 3, to idan ajiyar ta ragu sai ruwan ya bi ta. Haka kuma idan ka ci abinci mai gishiri da daddare, da safe ka ga ƙarin kilo guda, ba kitse ba ne, don kitsen kilo ɗaya sai ka ci rarar kalori 7,700. Mata kuma jikinsu yakan riƙe ruwa gab da al'ada. Maganin wannan ruɗani shi ne a hau sikeli da safe bayan an zaga, kafin a ci komai, sau uku ko huɗu a mako, a haɗa a raba, sannan a gwada matsakaicin wannan mako da na wancan. A kuma samu tef irin na tela a auna ƙugu, tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙasa da saman ƙashin kwankwaso, bayan an saki numfashi, ba tare da an shanye ciki ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ƙugu kada ya kai rabin tsayi. Mai tsayin santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Akwai makonnin da sikeli ya yi mini shiru amma tef ya nuna ana tafiya, kuma shi ya hana ni yanke ƙauna.

Kada wani ya ɗauka na ce a bar motsa jiki. Ban daina tattaki ba, na dai daina ɗora masa aikin da ba nasa ba. Aikinsa zuciya ne da sukarin jini da hawan jini da barci, da kuma hana ƙibar dawowa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga manya ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaici na nufin kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. A gwajin rigakafin ciwon suga da aka yi a Amurka, wanda aka wallafa a 2002, masu haɗarin kamuwa da aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsin minti 150 a mako sun rage haɗarin da kashi 58. Ga mai kilo 90, kilo 6 da ɗan wani abu ke nan. Ba sai ka koma siririn da kake a makaranta ba kafin jininka ya amfana.

Mai nauyi sosai kada ya fara da gudu. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma gwiwa da jijiyar dunduniya suna buƙatar lokaci, shi ya sa mutum yake jin zai iya ƙarawa alhali gaɓoɓinsa ba su shirya ba. A fara da tafiyar minti 15 zuwa 20, a ƙara minti 5 kowane mako. Ciwon tsoka na kwana biyu bayan sabon motsi ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, shi ne ke cewa a tsaya. Ƙarfafa tsoka ba ya buƙatar kayan aiki: ka zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba, ka dafa bango ko bakin tebur ka tura jikinka, ka kwanta rigingine ka ɗaga kwankwaso, ka sunkuya ka jawo jarkar ruwa zuwa haƙarƙari. Kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye biyu ko uku, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Idan sau 12 ya zama wasa, a ƙara nauyi. Wanda ya rage abinci bai yi wannan ba, wani ɓangare mai yawa na abin da ya zubar tsoka ce, ya rame amma ya yi laushi, ga rashin ƙarfi.

Atisayen ciki ba ya narkar da kitsen tumbi shi kaɗai, jiki ne ke zaɓar inda zai ciro kitse, kuma ga maza da yawa tumbi ne ke tafiya a ƙarshe. Ɗamarar roba da rigar leda da ake sawa don a yi gumi, ruwa kawai suke fitarwa, kofi biyu ya mayar da shi, ga haɗarin jiri a lokacin zafi. Shayin rage ƙiba kuwa da yawansa maganin gudawa ne ko na sa fitsari. Gumi dai shi ne ya yaudare ni tun farko, na ɗauka rigar da ta jiƙe shaida ce ta kitsen da ya narke.

Barci ma yana cikin lissafi. Daren da na yi awa biyar, washegari ba abin da raina yake so sai zaƙi da maiƙo, kuma haka abin yake ga mutane da yawa, don ƙarancin barci yana tayar da sinadarin da ke sa jin yunwa. Awa 7 ake nema. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da sukari, da mai shan maganin hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, don Allah su ga likita kafin su taɓa abinci. Rage ci a kan tsohon adadin magani yana iya faɗar da sukarin jini har mutum ya suma. Ciwon ƙirji ko jiri a tsakiyar motsa jiki kuma ba abin daurewa ba ne.

Bayan wasu watanni sikeli zai sake tsayawa, don jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa a da. Idan matsakaicin mako uku a jere bai motsa ba, ƙugu ma bai motsa ba, zuciya za ta ce maka ka ƙara kilomita. Ni da na kai wurin, sikelin kicin na sake ɗaukowa na yi makon awo. Na tarar cokalin mai ya koma tsiyayawa, dunƙulen shinkafa ya zama dunƙule da rabi. Na mayar da su yadda suke, na rage kalori 150 a kan haka, na ƙara tafiyar minti 10 bayan abincin dare, a mako na biyu lambar ta ci gaba da sauka.