Ranar da makaranta ta shanye ram ɗin kemis

A ƙuryar shagona da ke Jekadafari akwai wata saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafuka da bayanan wasu, da na sayo ta hannu daga Kano. Ram ɗinta, wato wurin da manhajoji ke riƙe aikin da suke kan yi, giga 32 ne, furosesarta mai yin lissafi kuma mai kai 8. Na ɗora mata Proxmox, manhajar nan da wani kamfanin ƙasar Ostiriya ke fitarwa tun 2008, na yanka ta ɗaki uku kamar gidan haya. Ɗaya na wata makarantar kuɗi ne, inda iyaye ke duba sakamakon yaransu. Ɗaya na wani kemis mai rassa biyu, nan suke lissafin magani da ciniki. Na ukun wani mai ɗaukar hoton biki ne ke jibge aikinsa a ciki. Kwantena ake ce wa ɗakunan, kuma kanel ɗin Linux guda, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da injin, ke ɗauke da su duka, kamar 'yan haya masu ɗiban ruwa a tanki ɗaya.

Lokacin da nake buɗe ɗakunan, Proxmox ta rubuta wa kowanne mega 512 na ram. Na ga wannan ai rowa ce, na goge na sa wa kowa giga 24. Sau uku, giga 72 ke nan, a injin da ke da 32. Na raba abin da ban mallaka ba, kuma wata da watanni ba abin da ya faru, don ba su taɓa jin ƙishi lokaci guda ba.

Sai ranar da makarantar ta saki sakamakon ƙarshen zango. Ina dawowa daga sallar la'asar wayata ta yi ƙara, mai kemis ne.

"Injiniya, kwamfutarmu ta ƙi buɗewa, ga mutane tsaye da takardar likita a hannu."

"Allah ya huci zuciyar Alhaji, a ba ni minti goma."

Na buga dmesg, umarnin da ke nuna rahoton kanel, sai ga shaida. Idan ram ya ƙare ƙaf, Linux na da wani mahauci da ake kira OOM killer, aikinsa ya zaɓi manhaja ɗaya ya yanka don injin ya samu numfashi. Ba ya binciken wanda ya jawo fitinar, wadda ta fi ƙiba yake kamawa. Shafin makarantar ya haifi ɗaruruwan ƙananan ma'aikatan PHP, wato manhajojin da ke amsa wa masu buɗe shafin, kowane bai wuce mega 60 ba, su suka shanye tankin. Amma da aka zo yanka, rumbun bayanan kemis ne mafi girma a gidan, shi aka kwantar. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abin da ke tsare iyakar ram ɗin kowane ɗaki sunansa cgroups. Injiniyoyin Google biyu, Paul Menage da Rohit Seth, suka fara shi a 2006, ya shiga kanel na 2.6.24 a 2008, kuma tun Proxmox 7 da ta fito a 2021 zubi na biyu ake amfani da shi. Duk lambar da ka rubuta a allon Proxmox, can take sauka cikin wani fayil mai suna memory.max. Daren nan na zauna da biro da takarda. Na fara cire wa ita kanta sabar giga 8, saboda ZFS, tsarin ajiye fayiloli da nake amfani da shi, yana son ram, a tsofaffin saiti har rabin na injin yake iya riƙewa. Kemis na ba shi 8, mai hoto 6, makaranta 4, ragowar na bar shi ko ta kwana. Umarnin layi ɗaya ne, ga na ɗakin makaranta mai lamba 101:

pct set 101 --memory 4096 --swap 512

Na kwanta ina ganin na gama. Washegari shugaban makarantar ne ya kira. Katangar ta yi aikinta, kemis lafiya lau, sai dai mahaucin ya koma cikin ɗakin makaranta, kuma mafi ƙiba a can shi ne MySQL, rumbun bayanansu. A nan na gane iyakar da ka sa a waje ba ta gaya wa manhajar da ke ciki ta rage ci. Na buɗe saitin PHP-FPM, mai kula da ma'aikatan PHP ɗin nan, na tarar da pm.max_children, wato iyakar yawansu, a 500, lambar da ni da kaina na kwafo a intanet ban yi lissafi ba. Mega 60 sau 500, giga 30 ke nan. Na mayar da ita 40, wato kusan giga 2 da rabi, na ba innodb_buffer_pool_size, wato kason da MySQL ke riƙewa, giga 1, saura ya zama wurin juyawa. Yanzu idan iyaye suka yi yawa layi suke bi, shafin ya ɗan yi nauyi, amma ba ya faɗuwa.

Furosesa ba ta ba ni wahala haka ba, don ita ana iya aronta a mayar, wanda aka hana jira kawai zai yi. Proxmox na da ma'auni biyu. Cpulimit katanga ce, ko injin na zaman banza ba za ka tsallake ta ba. Cpuunits kuwa rabo ne, sai an yi cunkoso yake aiki, kuma kowa da 100 yake farawa. Ni ban ga amfanin hana mutum abin da ba mai buƙatarsa ba, don haka na ɗaga kemis zuwa 200 na ƙyale makaranta yadda take. Mai hoto kaɗai na ɗaure a kai biyu, saboda idan ya fara matse bidiyon biki fankar sabar har bakin titi ake jin kukanta.

Zangon da ya biyo baya na roƙi makarantar su faɗa mini ranar sakin sakamako. Na sayi man janareta, na zauna gaban allo da kofin shayi ina leƙa memory.events na ɗakinsu, fayil ɗin da ke ƙirga yankan mahaucin. Layin oom_kill bai motsa daga sifili ba har aka kira magariba. Wanda ya kira ranar mai hoto ne, wai bidiyon da ke gamawa cikin awa ɗaya yanzu yana cin biyu. Na gaya masa kuɗin ƙarin kai biyu a wata, ya ce zai yi shawara.