Yadda na saka gidan Musgun da kwale-kwale a tankin kifi ba tare da kifin sun cutu ba

Masu haɗa ƙananan gidaje da jirage da motoci na ado da yawa suna sha'awar saka su a tankin kifi amma suna tsoro, kuma gaskiya tsoron nasu yana kan hanya, don abin da ya yi kyau a kan tebur ba lallai ya jure ruwa ba, wani ma kifin zai kashe maka. Ni a nan Garwa na yi nawa ya zauna lafiya, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda abin ya kasance.

Tankina mai gilas ne ya yanka ya haɗa min, tsawo santimita 80, faɗi 35, tsayi 40, in an cika shi baki yana cin lita 112. Abin da na so in saka ciki gidan ƙabilar Musgun ne, irin gidajen ƙasa masu tsinin nan na wajen Pus da Maga a yankin kogin Logon a arewacin Kamaru, har tsallake a Cadi akwai su, sai kwale-kwale da masunci a gefensa kamar yadda muke ganinsu a kogin Binuwai. Manyan gidajen suna kai mita 9, na raba da 50 ya ba ni santimita 18, mutum kuma ya tashi santimita 3 da rabi. Ka riƙe awo ɗaya ga komai, kuma ka sani ruwa na ƙara wa abu girma a ido kusan kashi ɗaya cikin uku, kar ka cika tankin da gini kifi ya rasa wajen juyawa.

Kafin in taɓa aikin sai da na jera kwalaben mayonez na cika su da ruwa na jefa gutsattsarin kayan da nake tunanin amfani da su. Ɗanyen yumɓu da na shafa wa fenti mai mai ko kwana bai yi ba, ruwan ya samu wata 'yar kafa a gindi ya shiga, da safe fentin na tsaye kamar ɓawon ƙwai cikinsa duk ya koma taɓo. Kontraplake, wato katakon nan na fallaye da aka manna, mai verni, man da ke sa katako ƙyalli, ya ɗan daɗe, daga baya vernin ya yi fari fat, gefen ya kumbura, fallayen suka fara rabuwa. Ƙusa ta yi tsatsa ta rina ruwan. Guntun bututun PVC, wato na robar nan da ake jan ruwa da shi, da ɓallin tsohuwar tukunya kuwa ko gezau. A nan na gane ba a shafe-shafe maganar take farawa ba, a zaɓen kayan ne. Kuma ba ruwan kake hanawa shiga ginin ba, zai shiga ko ka so ko ka ƙi, abin da kake tsarewa shi ne kar wani abu ya fita daga jikin ginin ya shiga ruwan da kifi ke shaƙa.

Shi ya sa gidan da yumɓu na gina shi na kai aka gasa. Akwai wata dattijuwa mai ginin tukwane a bayan unguwarmu, na ce mata Inna don Allah in kin tashi gashi ki saka min wannan a ciki. Ta ɗauka ta jujjuya ta ɗora a kumatunta ta ce ɗana da sauran sanyi a jikinsa, mayar inuwa ya ƙara shan iska, in ya shiga wuta haka fashewa zai yi har ya ɓata min tukwane. Ta kuma sa na rage kaurin gindin ya zo daidai da na sama. Zanen nan na jikin gidan, wanda Musgun ke takawa su hau sama in za su yi yaɓe kuma shi ke raba ruwan sama, da tsinken ashana na fitar da shi ɗaya bayan ɗaya, shi ya fi cin lokaci amma shi ne kyan abin. Yumɓu na raguwa in ya bushe ya sha wuta, to ka ɗan ƙara a awo. Da ya fito na ƙwanƙwasa na ji ƙarar tana fita ras, ban shafa masa komai ba, ba fenti ba rezin, wato ruwan shafin nan da ke daskarewa kamar gilas, kalar ƙasar da baƙin hayaƙin da ya kama gefe ɗaya sun fi duk fentin da zan saya. Ko da so nake in shafa, in ka rufe waje ka bar ciki ruwa ta ciki zai bi ya ɗaga shafin.

Ramin da ke ƙoƙuwar gidan, wanda a na gaske hayaƙi ke fita ta nan, a ruwa iska ce ke fita ta nan, in babu shi ginin zai riƙe iska ya yi ta tangaɗi, ruwan ciki kuma ya tsaya ya yi wari. Ƙofar na buɗe ta sosai na goge bakinta da sanfefa. Duk wata kafa ko dai ta yi ƙanƙanta kifi ba zai iya saka kai ba, ko ta yi girman da zai shiga ya fito, tsaka-tsakin nan shi ke maƙale kifi, kuma ka tuna suna girma.

Kwale-kwalen da bututun PVC na yi shi, na tsaga na kanga a saman garwashi daga nesa har ya yi laushi na lanƙwasa. A waje ake wannan kuma kar a bari ya ƙone, hayaƙinsa ba kyau. Na goge shi ya yi kaushi don fenti ya kama, na shafa fentin akrilik mai ruwa kalar tsohon katako, na bari ya bushe sarai. Masuncin ɗan mutum-mutumin roba ne, da Super Glue na manna shi, in ya bushe ba ya cutar da kifi.

Sai rezin epoksi da ake shafawa a kan fentin don ya rufe shi, a nan ne aikin yake. Kwalba biyu ce, rezin da ruwan da ke daskarar da shi, wani ɗaya da ɗaya ake haɗawa wani biyu da ɗaya, wani da awon ruwa wani da nauyi, ka karanta jikin kwalbar kar ka yi da ka. Ni sirinji biyu na saya a famasi kowace da tata kwalbar. In awon ya kauce ba zai taɓa bushewa ba, haka zai yi ta danƙo yana sakin guba. A kankaleri, wato shagon kayan gini, sau da yawa ƙaramin nan na minti 5 za a miƙo maka, wannan na manne ne, ba ya shafuwa, ka nemi mai ruwa-ruwa da ke jinkirin kamawa ko da saƙo za ka bayar a taho maka da shi daga Duwala. Ka gauraya a hankali kamar minti 3 kana kankare gefen kofin, in ka kaɗa da ƙarfi kumfa zai cika shi. Shafi siriri, biyu ko uku, ciki da waje da ƙasa da kowane lungu, waje ɗaya ka bari to ta nan ruwa zai bi ƙarƙashi.

Yanayin garinmu ma sai an yi lissafi da shi. A zafin Maris da Afrilu da ake haura digiri 40 rezin na kamawa tun yana kofi, har kofin ya ɗau zafi, don haka kaɗan-kaɗan nake haɗawa kuma bayan asuba. Lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar, kana gama shafi ka kife roba a kai. Ka saka safar hannu, ka buɗe taga.

Washegari za ka taɓa ka ji ya bushe, kar wannan ya ruɗe ka, yawancinsu sai sun kai kwana 7 suke gama ƙarfi. Ka danna farce, in ya bar shaida ko kana jin wari da saura. Ƙyallin ya yi min yawa a kan kwale-kwale, sai na bi shi sama-sama da sanfefa mai laushi. Don kar ya taso na manna shi a kan wani faffaɗan dutse da silikon, gam ɗin da ake haɗa gilas da shi, shi ma a kula, wanda aka rubuta na banɗaki ko kicin mai hana fumfuna akwai magani a ciki, a nemi zalla na gilas mai warin tsami, a ba shi aƙalla kwana 2, in da kauri fiye da haka. Dutsen ka ɗiga masa lemun tsami, in ya yi kumfa yana da farar ƙasa zai canja maka ruwa.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kowa. Na so in rataya wa masuncin koma, abin da ya fi kama da ita kuwa guntun gidan sauro ne, amma gidajen sauron da ake rabawa da maganin ƙwari a jikinsu, kuma wannan maganin kaɗan ɗinsa na kashe kifi. Wallahi kar a kusantar da shi, wanki ba ya ba ka tabbas. Na yi amfani da ragar buhun albasa. Haka wayar wuta ta jan ƙarfe da darmar da masunta ke ɗaurawa a taru, duk a bar su a waje, jan ƙarfe ma dodon koɗi yake fara kashewa. Ko fesa maganin sauro za a yi a ɗakin a rufe tankin a kashe injin iska tukuna.

Da komai ya gama na jiƙa su a bokiti ina canja ruwa kullum, ina duba saman ruwan a rana ko akwai maiƙo mai kala-kala, ina shinshinawa. Sai da ruwan ya zauna garau sannan suka shiga tanki. Kwanakin farko na sa wa kifin ido, in suna tasowa sama suna haki ko sun matse fiffike ka cire abin nan take ka canja rabin ruwa da wanda ya kwana a bokiti, saboda kulorin na famfo. Nawa Alhamdulillah ba su nuna komai ba. 'Yan ƙananan karfasa ne aka kawo min daga Lagdo, su kuma akwai tonon yashi, to gidan a kan gilas ɗin ƙasa na zaunar da shi sannan na zuba yashi kewaye, ko sun tona ba ya faɗuwa.

Gansakuka za ta fito, a jikin gidan ma kyau take ƙara masa, in ta yi yawa tsohon burushin haƙori da ruwan tankin sun isa, ba sabulu ba Omo. Rana na sa rezin ya koma rawaya, tankin ya yi nesa da taga. In ka ga wani waje ya yi fari ko ya kumbura ka fitar ka busar ka goge ka sake shafi ka sake jira. Yanzu gadar Binuwai nake aunawa, ƙafafunta ma da PVC zan yi, don siminti sai ya yi makonni a jiƙe ana canja ruwa kafin ya daina sakin kaifinsa.