Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Telen Alhaji

Makon jiya mun tsaya inda na baro Tawa da jaka ɗaya da ƴar sana'ata ta ɗaukar bidiyon biki, na sauka wurin kawuna a unguwar Bukoki ta Yamai. Yau sai labarin gidan tele ɗin da na yi shekara tara a cikinsa. Ba zan kama sunan gidan ba, ba zan kama na mai shi ba. Yana raye, ƴaƴansa kuma suna gaishe ni in mun haɗu. Alhaji kawai muke ce masa.

Mu da muka tashi a Adar tele ɗaya muka sani, Télé Sahel, kuma abin da ke tara mu gabanta da gaske shi ne kokowa, lokacin gasar takobi. Rediyo mai zaman kansa ya fara a Yamai a 1994, Ténéré ta buɗe hanyar tele a 2000, su Dounia da Canal 3 da Bonferey suka biyo baya. Sai ya zama wasu attajirai suna ganin in babu dogon ƙarfen eriya bisa gidansu ba su cika manya ba.

Alhaji ɗan kasuwa ne. Shinkafa da man girki da atamfa yake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su shigo ta Gaya, ya tura su Najeriya ta Ƙonni. Bai taɓa riƙe kamera ba. Ya samu izinin CSC, hukumar kula da kafofin watsa labarai, ya kama hayar wani gida, aka mayar da falo situdiyo, aka lilliƙa kwalin ƙwai a bango don kada murya ta riƙa amsa kuwwa. Kamera uku, mota ɗaya, gurup ɗaya na ba da wuta a bayan gida. Ranar da na je neman aiki, farkon 2009, direkta ya dube ni sama da ƙasa.

"Ƙanena, takardar lakkol ɗin aikin jarida fa?"

"Ranka ya daɗe, ba ni da ita. Amma na ɗauki kai amarya a cikin guguwa, hoton bai yi rawa ba."

Ya yi dariya ya ce in zo Litinin. Jika hamsin a wata. Na kira Inna a Tawa, ta rangaɗa guɗa a cikin waya.

Mun faɗo a kan gaɓa. Shekarar tazarce ce. Shugaba Tandja na son ƙarin shekara uku a mulki, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, ƴan adawa da ƴan ƙwadago kullum suna kan titi. Mutane na ƙishirwar ganin abin da ke faruwa da idonsu, mu kuma muna can da kamera a kafaɗa. Da dare mu zaunar da mai goyon baya da mai adawa su yi ta gardama da Hausa da Zabarmanci, ba da Faransancin da rabin gari ba ya ji ba. In na bi ta wata fada bayan isha'i, sai in tarar an ajiye tele bisa benci, shayi na tafasa, hoton da na ɗauka da rana suke kallo. Ranar Alhamis 18 ga Fabrairun 2010 da aka ji harbin juyin mulki wajen fadar shugaban ƙasa da azahar, ina cikin waɗanda suka fita. Matata, lokacin tana amarya, kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Zuwa zaɓen 2011, zagayen farko 31 ga Janairu, na biyu 12 ga Maris tsakanin Issoufou da Seini Oumarou, ma'aikatanmu sun ninka, an ƙaro motoci, ni ma na sayi moto.

To bari in faɗa muku yadda kuɗi ke shiga gidan tele a garin nan, domin mai kallo bai sani ba. Mai kallo ba ya biyan ko dala. Mai biya shi ne wanda ake nunawa. Ma'aikata za ta yi taron bita a otel, ƙungiya za ta raba buhunan hatsi, jam'iyya za ta yi gangami: su aiko da takarda, su biya kuɗin ɗauka, mu je mu ɗauko, a sa cikin labaran dare kamar labari ne muka tono. Sannan sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, da masu maganin gargajiya da ke sayen rabin awa suna lissafa cututtukan da garinsu ke warkarwa, da tafsirin azumi da ƴan kasuwa ke ɗaukar nauyi. Talla mai tsoka ta kamfanonin waya ce, Zain da ta koma Airtel a 2010, da Orange ta wancan lokacin, amma tashoshi nawa ke rububinta? Bayan taro kuma akwai ambulan da ake miƙo mana, wai kuɗin esans. Na karɓa, ba sau ɗaya ba ba sau ɗari ba. Kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in mai taron ya yi tuntuɓen harshe, ko kujeru sun zama fanko, ni da kaina nake juya kamera wajen da ke cike.

Abin da ban sani ba sai daga baya, duk wannan bai taɓa rufe wata ba. Ran 28 ga kowane wata mai ajiyar kuɗinmu kan hau taksi zuwa shagon Alhaji a Babbar Kasuwa, ya dawo da cikon albashi cikin baƙar leda. Muna yawo da katin ɗan jarida a wuya muna hura hanci, ashe shinkafar Kwatano ke ciyar da mu.

A 2016 naira ta faɗi warwas gaban sefa. Kayan Alhaji suka yi wa masu sayensa na Illela da Sakkwato tsada, buhuna suka yi ta kwana a sito. A shekarar ce kuma aka gama zaɓe, waɗanda muka ɗaukar wa gangami bashi suka daina ɗaukar waya. Wanda ya ci ya ce sai ya zauna, wanda ya faɗi ya ce da me zai biya. Su ma masu kallon sun soma zamewa. Kwanon parabol ya cika rufin gidaje, mata sun koma Arewa24 tun da ta buɗe a 2014, maza na Canal+ wajen ƙwallo, samari kuwa kafin mu gama haɗa labari sun gan shi a WhatsApp. Ga zafin Afrilu da Mayu, kuran ya ɗauke, gurup ya sha gazuwal kamar raƙumi ya samu rijiya. Akwai daren da muka yanke labarai ana tsakar karantawa, mai ya ƙare.

Albashi ya fara makara da kwana goma, ya koma rabi, ya koma "ku yi haƙuri". Ƙwararrunmu suka bi ƙungiyoyin agaji. Muka rage mu kaɗan muna maimaita tsofaffin shirye-shirye, har wani malami da ya rasu ya ci gaba da amsa tambayoyi a tasharmu duk Juma'a. Matata ta soma dambu da kopto a ƙofar gida, da shi aka biya wa babbar ƴarmu lakkol. Na je CNSS, asusun fansho da tallafin ma'aikata, neman kuɗin yara, a can na gano shekaru ana yanka a albashina ba a kai musu ba. Da na tunkari direkta sai ya sunkuyar da kai.

"Ƙanena, ni ma wata bakwai nake bi."

A damunar 2018 aka rufe kafofi masu zaman kansu da dama a Yamai saboda bashin lanho, wato haraji. Sauran suka yi ciniki, suka biya wani abu, suka buɗe. Mu kuwa takardar da aka manna a ƙofarmu kamar ta tashi sauran masu bin bashi ne daga barci: mai gidan haya, banki, mai gazuwal. Alhaji ya zo sau ɗaya, ya rame, babbar rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce, "Ƴaƴana, ku yafe ni, jari ya karye." Babu wanda ya amsa sai Baba mai gadi, da ya ce Allah Ya mayar da alheri.

Bayan mako uku wisiye, mai kama kayan bashi da izinin kotu, ya zo da littafinsa yana rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya, har fanka da butar alwala. Ni na miƙa masa kamerata, na nuna masa inda murfin batir ya tsage don kada ya buɗe da ƙarfi. Kasusuwan bidiyon da muka tara tun 2009, tazarce da juyin mulki da zaɓe biyu, ba su shiga littafin ba, wai ba su da kuɗi. Aka zuba su a buhunan shinkafa aka jingine bayan gurup, ruwa na dukansu. Na ɗaura buhu ɗaya a bayan moto na kai gida. Wata biyu bayan haka na ga ƙafar kamerata a kasuwar Katako, da jan zaren da na ɗaure mata, mai kayan yana cewa jika goma sha biyar.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu: yadda muka kai ƙara wurin sufeton ƙwadago, da abin da na tarar cikin buhun nan.