Kalmar "imply" da tarkon da take ɗana wa wanda ya tashi da Faransanci

Ƙannena masu koyon Ingilishi, tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki a Nijar, da yawanku za su tsinci kansu suna rubuta wasiƙa ko rahoto cikin harshen da akasarinmu ba mu fara karanta shi ba sai da muka shiga kwaleji. Akwai wata kalmar aikatau da nake so ku yi hattara da ita, wato "imply", domin ta kunyata ni a wurin aiki.

Ma'anarta ita ce mutum ya nuna abu a fakaice ba tare da ya furta shi ba. Idan baƙo ya daɗe yana hira, mai gida ya dubi agogo ya ce gobe yana da sammako, bai ce a tashi ba, amma kowa ya san inda ya dosa. Wannan shi ne hannunka mai sanda, kuma shi Bature yake nufi idan ya ce "he implied that it was time to go". Yawanci "that" ke bin ta, sannan a kawo abin da aka nuna.

Matsalar tamu daga Faransanci take tasowa. "Imply" da "impliquer" tushensu ɗaya, kalmar Latin "implicare" mai nufin naɗe abu cikin wani, shi ya sa idonmu yake ɗaukar su tagwaye. Sai dai "impliquer" ayyuka uku take yi: shigar da mutum cikin wani aiki, jefa shi cikin zargin laifi, da nuna cewa wani abu yana wajabta wani. Ingilishi ya raba waɗannan ga kalmomi uku, "involve" da "implicate" da "imply", kuma a aiki na ƙarshe kaɗai "imply" da "impliquer" suke haɗuwa.

Lokacin da nake yi wa wata ƙungiya fassara a Yamai, an ba ni rahoton gina rijiyoyi a wasu ƙauyukan jihar Tahoua, inda aka yaba wa wani mai gari da cewa "il est très impliqué", wato ya tsaya tsayin daka a kan aikin. Na rubuta "he is very implied". Matar da ke duba rubutun ta ja layi da jan biro, ta ɗora alamar tambaya a gefe, domin jimlar ba ta da ma'ana ko kaɗan. Maimakon in tambaye ta, girman kai ya sa na buɗe ƙamus ni kaɗai, na ga "implicated", na ce ga ta nan. Da wannan gyara na mai da dattijon da ake yabo mutumin da ake zargi da hannu a wata almundahana, kuma saura ƙiris rahoton ya tafi wurin masu ba da kuɗin a haka. Kalmar da ake bukata ita ce "involved". Ƙamus bai yi mini ƙarya ba, ni ne na tsaya a kan ma'anar da na fara cin karo da ita, ban karanta misalan da ke ƙarƙashinta ba.

Ku kuma rarrabe ta da "infer". Mai magana shi ke yin "imply", mai sauraro kuwa shi ke yin "infer", wato ya tsinkayo abin da ba a faɗa ba. Turawan kansu suna cakuɗa su a hira, amma mai gyaran jarrabawa ba zai yafe muku ba.

Wadda ta fi haɗari a ganina ita ce "insinuate", domin ita ma nuni ce a kaikaice, amma kusan kullum da mugun nufi, daidai da habaici ko shaguɓe ko gugar zana. Na taɓa yin tafinta tsakanin wani dillalin albasar Galmi da mai saye ɗan Ghana. Baƙon ya ɗaga buhu ya ce kamar bai kai nauyin na bara ba, ni kuwa, don in nuna gwaninta, na tambaye shi me yake "insinuating". Nan take fuskarsa ta canja, domin na zarge shi da yi wa Alhajin habaicin tauye mudu, alhali ciniki kawai yake nema. Sai da Alhaji ya sa aka kawo shayi kafin magana ta daidaita. Idan ba ku tabbatar da mugun nufi ba, "suggest" ta fi laushi, "hint" kuma ta dace da nuni mara cutarwa.

Ko ita "imply" ɗin tana yin kaifi idan aka mai da ta tambaya. Wanda ya ce muku "What are you implying?" ba ƙarin bayani yake nema ba, ransa ne ya fara ɓaci, kamar yadda ake cewa "Me kake nufi?" da ɗaure fuska. Amsar da ke kwantar da ƙura ita ce "I did not mean to imply that", sannan ku faɗi ainihin nufinku ƙarara cikin gajeriyar jimla.