Talata, 16 ga Yuli 2024: daga Gbazango zuwa Idu

Yau dai Allah ya yi na shiga jirgin ƙasan nan na cikin Abuja. Tun da asuba Baba ya tashe ni wai shi ma zai bi ni, ba don yana da wurin zuwa ba fa, kawai yana so ya gani da idonsa. Muka hau keke napep har bakin tashar Gbazango, ga ruwa an yi cikin dare, ƙasa sai ƙamshi take.

Ni fa ina firamare aka ba da kwangilar layin nan, 2007 zamanin Obasanjo, kamfanin CCECC na 'yan Sin ne suka yi aikin. Haka muka taso a Kubwa muna kallon gini, mun gama sakandare ana gini, har Buhari ya zo ya buɗe a watan Yulin 2018, amma lokacin tsakanin cikin gari da Idu da filin jirgin sama kaɗai yake zirga-zirga, mu nan ko ƙararsa ba mu ji ba. Korona ta zo 2020 aka rufe gaba ɗaya, shekara huɗu cur. Na sha wucewa in ga ciyawa ta kai gwiwa, awaki na kiwo a gefen dogo, wallahi abin na ci mini rai, ga mu kullum a gosulo kan titin Kubwa kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai.

Ranar 29 ga Mayun bana Tinubu ya sake ƙaddamar da shi, kuma kyauta ne har ƙarshen shekara, ko sisi ba mu biya ba.

Ciki sanyi ƙalau. Baba ya zauna jikin taga ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, bai ce uffan ba har muka wuce Kagini, sai da muka zo Deidei ya nuna da yatsa ya ce nan ya yi dakon katako farkon zuwansa Abuja. Wata baiwar Allah a gabanmu da bokitin awara ta juyo ta ce “Baba sannu da ƙoƙari”, ya yi murmushi.

A Idu muka sauka, nan ne kuma ake hawa na Kaduna mai zuwa Rigasa. Na ce Baba mu ƙarasa cikin gari mana, ya ce a'a, mu jira na komawa, yana so ya sake ganin Deidei ta ɗaya tagar.